Arzikin Ɗan Tayi a Cikin Duffai Uku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ciyar da mu tun ba mu da bakin roƙo, Ya suturta mu tun ba mu san tsiraici ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda ƙaunarsa ce ta tara mu a wannan fili kamar yadda take tara mu kowace shekara.



An umarce ni da in yi magana, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda har yanzu nake ɗaukar littafi a gabansu. Sai dai an koya mana cewa bin umarni ya fi nuna ladabi. Da na nemi abin da zan yi magana a kansa, sai zuciyata ta koma ga wata halwa wadda babu ɗayanmu da bai shige ta ba, malami da jahili, sarki da talaka: halwar wata tara a cikin mahaifiya. Muna yawan ambatonta a wa'azi, amma kaɗan daga cikinmu suka tsaya suka tambayi yadda abinci yake isa ga wanda ke cikinta.

Alƙur'ani mai girma ya jera matakan wannan halitta a farkon Suratul Muminun, daga aya ta 12 zuwa ta 14, da kuma aya ta 5 ta Suratul Hajji: ɗigon maniyyi, sannan gudan jini, sannan tsoka, sannan ƙasusuwa da naman da ake tufatar da su da shi, sannan wata halitta daban. A aya ta 6 ta Suratuz Zumar kuma aka ambaci duffai uku, waɗanda Jalalaini da muke ji kowane azumi ya fassara da duhun ciki, da duhun mahaifa, da duhun jakar da ke lulluɓe da ɗan. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (RA), wanda yaranmu ke hardacewa a matsayin na huɗu a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi, ya ba kowane mataki daga ukun farko kwana arba'in, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, a rubuta abubuwa huɗu, arziki yana daga cikinsu.

Ku lura da wannan, Allah Ya yi muku albarka. Kafin a rubuta arzikin, bawan nan ya riga ya yi kwana 120 yana ci. Bai nema ba, bai san sunan abin da yake ci ba, bai ma san akwai shi kansa ba.

Yanzu bari in kawo abin da masu binciken jikin ɗan Adam suka gani da na'urorinsu. Ina kawo shi ne a matsayin labarin wanda ya leƙa ya gani. Ba na cikin masu jingina gaskiyar Alƙur'ani ga ɗakin gwaji, waɗanda duk sanda likita ya faɗi wani abu sai su ruga su nemo ayar da za su ɗora masa, in likitan ya sake magana gobe su rasa inda za su sa kansu. Littafin Allah ya wadatu daga shedar kowa. Amma an umarce mu da yin tafakkuri a cikin kawunanmu, kuma wanda ya ga abu dalla-dalla ya fi wanda ya ji shi a dunƙule samun abin yin tasbihi.

Ƙwan mace bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato da kyar ido ke iya ganinsa. Yana haɗuwa da ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak, daga cikin miliyoyi, a wani siririn bututu da ke gefen mahaifa. Daga nan sai ya fara rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, yana gangarowa a hankali, har ya iso mahaifa ya maƙale a bangonta bayan kamar mako guda. A cikin wannan tafiya guzurinsa ɗan abin da ke cikin ƙwan ne da ruwan da yake iyo a ciki. Ƙwan kaza an haɗa masa guzurin kwana 21 gaba ɗaya, gwaiduwa da farin ƙwai, aka rufe da ɓawo, don kazar ba ta da hanyar ƙara masa kome bayan ta saka shi. Ɗan Adam kuwa ba a ba shi sai na 'yan kwanaki, domin an riga an tanadar masa masauki.

Da ya maƙale, sai ya nutse cikin bangon mahaifa kamar yadda iri ke shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa. A makonnin farko ba jinin uwa ne ke ciyar da shi kai tsaye ba. Akwai wasu ƙananan maɓuɓɓuga a bangon mahaifa da ke tsattsafo masa da wani ruwa mai sukari da kitse da sauran abin gina jiki, har masana suka yi masa laƙabi da nonon mahaifa. Da wannan yake rayuwa har wajen mako na goma, sannan a buɗe hanyoyin jinin uwa sosai. An shayar da mu, ke nan, tun kafin mu san nono.

Kuma a cikin waɗannan makonni ne ake yin mafi girman aiki. Kwana 22 ko kusa da haka bayan shigar ciki, zuciya take fara bugawa, a jikin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wajen kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yake rufewa. A ƙarshen mako na takwas tsawonsa kamar santimita 3 ne, amma an riga an zana hannu da ƙafa da yatsu, an aza harsashin ido da kunne da hanta da ƙoda. Sau da yawa duk wannan yana faruwa matar ba ta gama tabbatar da tana da ciki ba, mijin kuwa bai ma ji labari ba. Sauran watannin girma ne da ƙarasa gyara. Uwa takan fara jin motsi tsakanin wata na huɗu da na biyar, abin da ya sa wasu ke cewa motsin shi ne alamar busa rai. Ni dai ina jin tsoron wannan magana, domin hoton ciki yana nuna tayi yana motsi tun yana wata biyu, uwar ce ba ta ji. Rai yana daga al'amarin Ubangiji, babu na'urar da ta taɓa ɗaukar hotonsa.

To, sai mu zo ga abin da na fi so mu daɗe a kansa, wato mabiyiya da igiyar cibiya.

A gidajenmu idan an haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya a binne ta a bayan ɗaki, har Bahaushe in zai faɗi asalin mutum sai ya ce a can aka binne cibiyarsa. Muna girmama ta ba tare da mun san aikinta ba. Ita wannan tsoka, wadda nauyinta a lokacin haihuwa ya kai kimanin giram 500, faɗinta kuma kamar na faifai ƙarami, daga jikin ɗan ta tsiro. Ita ce huhunsa, ita ce hanjinsa, ita ce ƙodarsa, tsawon zamansa a ciki. Tana da rassa ƙanana masu ɗimbin yawa kamar saiwar gamba, waɗanda da za a shimfiɗa su da sun rufe fili mai murabba'in mita 12 ko fiye, wato daɓen ɗaki guda. Waɗannan rassa suna tsome a cikin jinin uwa, wanda a ƙarshen ciki fiye da rabin lita nasa ke bi ta mahaifa a kowane minti. Abin mamaki, jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Akwai wani shamaki siriri a tsakaninsu. Ta cikinsa iskar numfashi da sukari da gishirin jiki da ruwa suke tsallakawa zuwa ga ɗan, ta cikinsa kuma dattin jikin ɗan yake tsallakowa zuwa ga uwa, ta fitar masa da shi ta huhunta da ƙodarta. An kuma yi jinin tayi da wani irin ƙarfi na fizgar iskar numfashi wanda ya fi na jinin babba, don kada rabonsa ya wuce shi. A watanni ukun ƙarshe uwa takan tura masa garkuwar jikinta, ya fito duniya da makamin yaƙi da cututtukan da bai taɓa haɗuwa da su ba. Wannan ne dalilin da ya sa allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda likitoci ke kira tetanus, da ake yi wa mai ciki take kare jaririn da ba a taɓa huda fatarsa ba.

Igiyar cibiya kuma tsawonta kamar rabin mita ne. Jijiyoyi uku ne a cikinta: ɗaya mai kawo jini mai abinci, biyu masu mayar da wanda aka gama amfani da shi, an naɗe su cikin wani abu mai santsi da ke hana su lanƙwashewa su toshe duk juyin da ɗan zai yi. Yana kwance a cikin ruwan faya, yana haɗiyarsa, yana fitsari a cikinsa, yana gwada numfashi da huhun da ba zai yi masa amfani ba sai ranar da ya fito.

Malamanmu na da, har da manyan likitoci irin su Ibnu Sina, sun tafi a kan cewa jinin haila ne da ya tsaya yake zama abincin tayi. Sun yi magana gwargwadon abin da idonsu ya kai, kuma sun dace a asalin maganar, cewa daga jinin uwa yake ci. Imamu Gazali (RA), a babin tawakkali na Ihya'u, ya kafa hujja da wannan cibiyar: ya nuna cewa lokacin da bawa ya kasa motsin neman abinci an sadar da cibiyarsa da uwa, da ya fito aka ɓuɓɓugo masa da nono, da ya yi ƙarfi aka tsiro masa da haƙora. Duk muridin da talauci ya hana shi barci, ya ɗaga rigarsa ya dubi cibiyarsa. Tabon wata ƙofa ce da aka ciyar da shi ta cikinta wata tara, aka rufe ta bayan an buɗe masa wata.

Mutanen tarbiyya sun ga wani abu kuma a nan. Shehu Umar Suhrawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 632 bayan Hijira, ya yi bayani a Awariful Ma'arifi cewa muridi yana da haihuwa ta biyu a hannun shehunsa, kuma yana da lokacin shayarwa da lokacin yaye. Idan muka ɗauki wannan misali muka auna shi da abin da muka ji yanzu, za mu ga ladubba da yawa. Tayi ba ya zaɓen abin da zai zo masa ta igiya, kuma ba ya sakin ta ya ce bari ya ɗanɗana wata mahaifar. Wanda yake yawo tsakanin shehunai, yau nan gobe can, bai maƙale a bango ba balle ya yi saiwa. Jijiyoyi biyu ne ke mayar da datti, ɗaya ce ke kawo abinci, kuma duk wanda ya zauna kusa da shehu na gaskiya ya san abin da muke kai masa na damuwa da gunaguni da rigingimun gida ya ninka abin da muke iya ɗauka daga gare shi. Sannan jini biyu ba sa gauraya. Uwa hanya ce, ba ita ta halicci abincin ba, ba ta ma san yadda yake tsallakawa ba. Haka shehu yake, sababi ne, Mai bayarwa Allah ne, kuma wanda ya rushe wannan shamaki a aƙidarsa ya cuci kansa ya kuma jawo wa ɗariƙa zagi. A ƙarshe dai ana yanke igiyar. Cikin da ya ƙi ƙarewa hatsari ne ga uwa da ɗa. Misali dai misali ne, kada a ja shi fiye da inda ya tsaya.

Amma ban tsaya a gabanku don ishara kaɗai ba, domin akwai haƙƙi a wuyanmu. Shamakin nan da na ambata ba ya tare kome da kome. A tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe, mata masu ciki suna sha don laulayi da rashin barci, aka haifi yara fiye da dubu goma da nakasar hannuwa da ƙafafu. Maganin bature ne wancan, amma hukuncin ɗaya ne da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa matanmu ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin da ake saya a kan tire a kasuwa. Hayaƙin taba yana tsallakawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa takan taru a cikin mabiyiya ta tare hanyar abinci, a haifi yaro ƙanƙane, ko a yi ɓari. Yunwar uwa ma tana barin tabo mai nisa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa ta auka wa yammacin ƙasar Holan. Da aka bi sawun waɗanda suke ciki a lokacin, aka tarar bayan sun manyanta ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu. Abin da aka hana uwa a wata uku, ɗa yana biyansa yana ɗan shekara hamsin.

A nan zan faɗi abin da ban saba faɗa a taro ba. Ina saurayin malami, an ɗauke ni jan baƙi a tafsirin azumi a wani gari, na bar iyalina da cikin fari na wata shida, na bar mata abin cefanen da ni kaina na san ba zai kai ba, na ce Allah Zai buɗa. Kunya ta hana ta gaya wa kowa halin da take ciki, ta kuma azumci watan gaba ɗaya don kada a ce matar malam tana ci da rana. Da na dawo bayan salla na ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta ɗebo ruwa, na ce laulayi ne. Ranar da muka kai ta asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonta ƙasa ta ce, "Malam, dubi nan." Fari fat, babu alamar jini. Ta haifi bakwaini, ya kwana biyu ya koma. Na yi imani ajalinsa ne, ba a rage masa ko numfashi ɗaya ba. Amma ajali nasa ne, sakaci nawa ne, kuma a kan nawa za a tambaye ni. A wannan watan da nake ja wa mutane ayoyin halittar ɗan Adam da murya mai daɗi, nawa ɗan yana cikin duffai uku yana jiran abin da ban aika ba. Abin da na kira tawakkali a lokacin, yanzu na san sunansa.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda kusan kowa a nan ya karanta, ta ba mai cikin da ta ji wa abin da ke cikinta tsoro damar ta sha azumi ta rama daga baya. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu ko da an sake ta, to ina ga wadda ke ɗakinka? Malaman mazhabarmu suna dakatar da rabon gado saboda ciki har a haife shi, dattawa masu gemu su zauna jiran wanda bai ga rana ba. Hadisi ƙudusi kuma ya sanar da mu cewa sunan mahaifa a Larabci an tsago shi ne daga sunan Allah Mai rahama. Wanda aka ba wannan daraja ba a barin abincinsa ga abin da ya rage a tukunya.

Akwai wata mas'ala da nake roƙon iyayenmu mata su riƙe. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne jinin da mai ciki ta gani ana ba shi hukuncin haila. Wannan hukunci ne na salla da azumi. Bai ce jinin lafiya ba ne. Mace ta ga jini tana da ciki, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ta ji motsin ɗan ya ragu, to a kai ta asibiti a ranar, a tambayi malam hukuncin sallar a hanya. Jijjiga ba ta jiran a gama shawara, kuma ba aikin iska ba ce, hawan jini ne na masu ciki. A yi mata addu'a da tofi, ana tafe ana yi.

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, saboda haka buƙatarta ga sinadarin ƙarfe take ninkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2016, ta nemi mai ciki ta je awo sau takwas, na farko kafin cikin ya wuce wata uku, ta kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Shi folik asid amfaninsa mafi girma yana wajen rufewar bututun nan na kwana 28, don haka amarya ma ta cancanci ta fara shi kafin ciki ya bayyana. A wurare irin namu masu sauro ana ba da maganin kariya daga zazzaɓi daga wata na huɗu, tare da kwana cikin gidan sauro. Sauran kuwa yana kasuwar ƙauye: wake, gyaɗa, zogale, rama, alayyafo, ƙwai, hanta kaɗan, busasshen kifi, nono. Kuɗin da ɗayanmu ke kashewa a ɗinkin zuwa wannan taro, da kuɗin mota, da hadiyya, ya isa ya riƙe mai ciki wata biyu da waɗannan. Ban ce kada a zo ba, ni ma ga ni na zo. Na ce kafin a fito a leƙa rumbu, a kuma bar izinin zuwa awo a bayyane, kada mace ta zauna da ciwo tana jiran mai gida ya dawo daga ziyara. Idan ta haihu kuma, kada a matse dakashi a zubar. Wannan nonon farko mai kauri shi ne ci gaban garkuwar da aka fara turawa ta igiya.

Ina roƙon muƙaddamai, da izinin iyayenmu halifofi, kowace zawiyya ta san gidajen 'yan uwa da ke da mai ciki kamar yadda ta san waɗanda ba su zo zikirin Juma'a ba, a sa dattijuwa ɗaya daga cikin mata muridai ta riƙa zagayawa, a kuma ware wani abu daga asusun zawiyya don kuɗin mota zuwa asibiti da dare.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa a kan sunna. Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka ɗauke mu, waɗanda suka rasu a kan gwiwa Ya karɓi shahadarsu, 'ya'yanmu da suka riga mu Ya sanya su masu ceto. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, ina neman gafararSa da afuwar malamaina.